Gada ta karɓe mini hula

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau a Guangzhou, alhamdulillahi.

Ranar Lahadi na shiga wani siririn kwalekwale mai bin hanyoyin ruwan tsohon gari. Ruwa kwance, iska mai daɗi, har na manta da kasuwa. Da muka tunkari wata gajeriyar gada, matuƙin ya yi mini ihu da Sinanci. Na ɗauka gaisuwa ce, na miƙe ina amsawa. Ashe cewa yake in sunkuya! Kaina ya tsira, amma zanna bukar ɗin da ka ba ni ta bi ruwa.

Na zaga kasuwannin unguwar Sanyuanli neman irinta, kowa sai "meyo", wato babu. Garin da ake ƙera komai, ban da hular gida! Don Allah aiko mini wata.

A gaida kowa, a sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Bala