Na Gyara Turaren 'Yata, Ta Daina Gaishe Ni

Dada, ki cece ni, garin neman gira na rasa ido.

Ni manomin gyaɗa ne a Kwaya, ƙasar Magariya. Na ɗan leƙa lakwal, makarantar boko, na fito da ilimin da ya isa in karanta sunan kwalba, amma bai isa in bar ta inda na gan ta ba. 'Yata Hinda tana gidana tun da mijinta Alkasim, soja, ya koma bariki a Faransa. Da zai tafi ya bar mata 'yar kwalbar turare ta Faransa, an rubuta iris a jikinta. Ranar sunan ɗanta na lallaba na zaro ta daga adakarta, don in zuba wa maza a tafin hannu bayan addu'a, a san ni ma ina da suruki a ƙetaren teku.

Dada, kin taɓa ganin turare mai kunya? Liman ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya dube ni. Ɗanjuma, abokin wasana, ya shaida wa taro wai ƙamshin dankalin da aka tono yanzu ne. Wani ya ce hodar mata, wani ya ce tsohuwar adaka. Mu kuwa a wurinmu turare ne ke yin sallama kafin mai shi ya iso zaure. Sai na yanke cewa tafiyar teku ce ta kashe shi. Na shiga ɗaki na cike kwalbar da almiskin kasuwar Sassumbrum, irin mai tada jaki daga barci. Aka kuwa yaba.

Hinda ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Uwarta ce ta gaya mini ɗigo ɗaya take sawa a bakin mayafinta ran Juma'a, don irin ƙamshin da rigar mijin ke yi ke nan ranar da ya tafi. Yanzu sai ta dire mini tuwo ta juya, ba sannu ba madalla. Na zagaye kantunan Magariya, na tambayi har direban kamyo, babbar motar kaya mai zuwa Damagaram, ba wanda ya san shi. Kwalba guda ake bina, ban ma san kasuwar da ake biya ba.

Uban Gyara, Kwaya

Malam Uban Gyara,

Turaren lafiyarsa lau, hancin taronku ne ya yi gaggawa. Daga saiwar wani fure ake samunsa, kamar kajijinmu, sai dai shi shekaru ake yi ana busar da ita. Shi ya sa kuka ji ƙasa-ƙasa, da sanyi, da laushin hoda. Ba ya ihu. Sai ya zauna a tufa ya ji ɗumin jiki, wanda ya matso kusa kaɗai ke morarsa.

Na yarda fita kunyar baƙi ka so yi, Hinda kuma ba ta taɓa gaya maka darajarsa ba. Amma adakar mace ba rumbunka ba ce. Ka rubuta wa Alkasim da hannunka, ka faɗi ɓarnar, ka roƙe shi ya zo da wata kwalbar. Kada ka sayo mata madadi. Mayafin nan kuma kada a wanke shi, a naɗe a rufe, irin wannan ƙamshi yana daɗewa a tufa.

Sannan ka je ɗakinta ka ba ta haƙuri a gaban uwarta. Barkwancin nan kuwa, ka tuɓe shi a bakin ƙofa tare da takalmanka.

Allah ya raya jariri, ya dawo da ubansa lafiya.

Dada