Talbiyya a Saman Girgije

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki, ya Malam da yara? Mu nan unguwar Jarwal a Makka lafiya lau.

Kin san Baba da kafiya. Da za mu dawo daga Ɗa'if, ya ɗaura haramin umara a miƙatin saman dutse, cikin tsananin sanyi. Sai askarawa suka rufe hanyar Hada mai gangarawa Makka saboda hazo. Tsoho yana rawar ɗari, ba damar sa riga. Hankalina ya tashi.

Yaya, da hazon ya janye, sai ga girgije a ƙarƙashinmu, fari fat, ya cika kwarin. Baba ya fito daga mota yana talbiyya, hawaye na zuba. Aka buɗe hanya, na kasa cewa mu tafi.

Yanzu yana ɗan tari, a sa shi a addu'a. Ki gaida Inna.

Ƙaninki,
Sani