Allurar da Ban Faɗa Ba

Laraba, bayan sallar isha'i

Yau na raka Kaka wani ofishi a Elm Street, a yi mata rajistar inshorar tsofaffi ta gwamnati da ƙarin wadda ke biyan magani. Baba yana wurin aiki, ni ce tafinta.

Matar ta tambayi magungunan da take sha. Kaka ta gyara mayafi ta ce, "Gaya mata lafiyata ƙalau, alhamdulillahi. Ba a zayyana wa baƙo ciwo."

Na san allurar ciwon sukarinta tana cikin firij. Amma yaya zan ƙaryata Kaka a gaban mutane? Na fassara yadda ta faɗa. Matar ta yi murmushi, ta zaɓa mata tsarin masu lafiya.

Tun a bas nake ta tunani. Idan tsarin ba ya biyan allurar fa? Baba ba zai iya saye ba, kuma wa'adin canji ya kusa cika.

Gobe kafin makaranta zan gaya wa Baba. Kaka za ta ce na tona mata asiri, wataƙila ta daina yi mini magana. Gara ta yi ta fushi da ni tana da ranta.