Minti Biyu Tsakanin Hatimi da Hatimi

Jihar Jojiya, Amurka, 6 ga Oktoba, 1987

Zuwa ga yayata Ozella,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ya sanyin Detroit, ya ƙafar nan taki? Ki gaida min mai gida Clarence da yara. Nan lafiya lau, sai kewarki.

Aiki dai ya sha mana kai a ofishin magatakardar gunduma. Ga rajistar masu zaɓe, ga masu sabunta lambar mota, ga 'yan neman takardar aure da ke shigowa suna ta washe baki kamar su suka fara aure a duniya. Jiya wani tsoho ya kawo takardar gonarsa a cikin gwangwanin taba, shekara ashirin tana ciki. Na wanke shi tas. Na ce, "Baba, takardar da ba ta shiga kundi ba, ai ta kunna murhu ce." Earline, abokiyar aikina, har da riƙe ciki don dariya.

Kin ce kin ji ƙaninmu Roscoe na ƙus-ƙus da mutanen kamfanin katako kan gonar da ya gada. Ni ma na ji. Kin kuma tambayi takardar da Baba ya sa wa hannu kafin ya rasu, wadda ta cire maƙabartarmu daga cikin gonar ta bar mana ita mu uku. Tana hannuna. Ki kwantar da hankalinki.

Na sa miki kwalba biyu na jam ɗin 'ya'yan itacen fici a mota.

Taki ƙanwa,
Vernell

23 ga Oktoba, 1987

Yaya Ozella,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ni dai ba lafiya ba, kuma ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Na ce miki takardar tana hannuna, ban yi ƙarya ba, amma gaskiyar ma ban faɗa ba. Tana aljihun teburina na ofis, ƙarƙashin kwalin ambulan, tun ranar da Baba ya miƙo min ita ya ce, "Ke ce ta ofishin, ki shigar." Shekara tara ke nan. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, Yaya.

Kin san Baba da tsantseni. Bai tsaya ga iyakar fili ba, sai da ya sa aka jera sunan duk wanda ke kwance a wurin. Kakanni, Mama, sannan na ƙarshe Maxine ɗita, da sanƙarau ya ɗauke tana shekara shida. Duk takardar da ta shigo, ni ke buga sunayen cikinta a jerin sunaye da tafireta. Sau nawa na ɗauko ta, in na iso layin ƙarshe sai yatsuna su ƙi. In ce gobe. In ce bayan zaɓe. In ce ai fili ba ya gudu.

Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu da minti goma lauyan kamfanin ya shigo, ya ajiye takarda a kan kantar ofis. Roscoe ya sayar da gonar duka, daga titi har rafi, babu inda aka ambaci maƙabarta. Lauyan ba shi da laifi, ya duba kundinmu bai ga komai ba. To me zai gani? Kin kuwa san doka, ni nake karanta wa mutane ita kullum: wadda aka fara buga wa hatimi ita ce a gaba.

Earline ta ga fuskata ta gane, don ita kaɗai ta san abin da ke aljihun nan. Ta matso ta raɗa min, "Ke, 'yar uwa, ce masa injin hatimi ya maƙale, ya je ya sha ruwa ya dawo, ki fara buga ta Baba. Minti biyar kawai. Wa zai sani?" Gwiwata na taɓa aljihun teburin, wallahi ina jin sa. Amma shekara ashirin da shida ina tsaye a kantar nan, na ɗaga hannu na yi rantsuwa cewa wanda ya riga zuwa shi zan riga bugawa. Na mayar da gwauraye da marayu gida suna kuka a kan wannan dokar, ban taɓa cewa injin ya maƙale don su ba.

Na buga masa. Huɗu da minti goma. Yana juya baya na ciro ta Baba na buga mata, huɗu da sha biyu. Earline ta ce, "Allah ya shirye ki, Vernell," ta shige banɗaki tana share ido.

Na kira Roscoe. Wai ya ɗauka tuni na shigar, wai shi ya sa bai ko kawo zancen ba. Na so in zage shi, na rasa ta inda zan fara.

Zuciyata ta karye, Yaya. Ki zage ni, na fi son haka da shirunki.

Vernell

19 ga Nuwamba, 1987

Yayata,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Clarence. Wasiƙarki ta iso. Layi uku, babu zagi ko ɗaya. Da kin mare ni da ya fi min sauƙi.

Mun je gaban alƙali. Kamfanin zai shuka itatuwa a wurin, an ba su izinin kwashe kaburburan zuwa harabar cocin Shiloh, ranar Asabar biyar ga Disamba. Fasto Gaines ya ba mu gefen katanga. Babu inuwa a can. Itacen al'ul ɗin da Mama ta ce a kwantar da ita ƙarƙashinsa yana cikin waɗanda aka shafa wa jan fenti don a sare.

Lahadi na je na share wurin na ƙarshe. Na kwashe kofin shayin Mama da 'yar tsanar Maxine da muka ajiye a kan kaburburansu, suna nan a kicin ɗina, na rasa inda zan ajiye su. Kin tambaya ko na yi nadamar ƙin bin shawarar Earline. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba minti biyun nan ne suka ci mu ba.

Ki zo, don Allah. Ba zan iya tsayawa ni kaɗai ana ɗaga akwatin yarinyar nan ba, kuma ba na son Roscoe ya riƙe min hannu. Ki taho da baƙar hular nan, akwai iska a harabar.

Takardun biyu suna kundi na 114, tasu shafi na 212, ta Baba na 213. Jiya layinsu ya zo a jerin sunaye. Earline ta ce in ba ta, na ce a'a, aikina ne. Na zauna na buga Kakanni, na buga Mama, na buga Maxine. Na duba agogon bango, Yaya. Ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba.

Ina jiran ki a tashar mota.

Ƙanwarki,
Vernell