Ni Kaɗai Ce Ba Na Haɓo A Gidanmu

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a ɗauko bulala. Malamar makaranta ce ni a Bronx, nan ƙasar waje, na riga na duba takardata na ba kaina sifili, ba sai an taya ni ba.

A gidanmu haɓo gado ne. Kakarmu ta yi, Babanmu ya yi, 'yan'uwana duk suna yi, har ya zama abin alfahari, wai jinin gidan ne ya yi yawa. Ni kaɗai hancina bai taɓa ɗiga ba, sai na tashi ana ce min 'yar tsintuwa. Shugaban masu tsokanar shi ne Yayana, kuma shi ɗin ne ya kawo ni ƙasar nan, yana tsaye a Canal Street yana sayar da jakunkuna ni ina aji. Bara ya fara haki, ƙafafu suka kumbura, hawan tudun unguwar Highbridge ya gagare shi. Likitoci suka ce haɓon nan ciwon jijiyoyin jini ne da ake gada, nasa sun harɗe a cikin hanta, suna antaya wa zuciya jini fiye da ƙarfinta har ta gaji. Wato zuciya ke ciwo, amma hanta za a dasa masa. Layin jira dogo ne, sai dai in mai rai ya ba da yankin tasa, kuma duk mai haɓo ba ya ciki. To wa ya rage? Matarsa ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdulillahi, ga Malama!" Dangi daga Kano suka yi ta turo addu'a. Kowa ya sa min albarka, ba wanda ya tambaye ni.

Na je aka yi gwaji, komai nawa ƙalau. Sai wata ma'aikaciya, wadda aikinta kare haƙƙin mai bayar da hanta ne, ta rufe ƙofa ta ce, "Ke kina so? In ba kya so, za mu ce musu ba ki dace ba, kuma ba ma faɗin dalili." Anti, ni kaɗai ke riƙe da 'ya'yana mata biyu, ƙanana, ubansu ya rasu. In na kwanta ban tashi ba, wa zai riƙe su? Ni da nake koya wa yara cewa hanta tana sake tofowa, na ji bakina ya ce, "Ba na so."

Abin da ban hango ba shi ne fassarar dangi. Tunda ba a faɗi dalili ba, sai suka yanke cewa ni ma ciwon ne da ni a ɓoye. Yanzu matar Yaya aiko min take da farfesun hanta, wai ƙarin jini. Hanta fa! Ina ci ina jin kamar ana karanta min laifina. Ran nan na je duba shi, yana jingine da filo don ba ya iya kwanciya, ya kama hannuna yana dariya yana haki ya ce, "Ashe dai tamu ce ke, Auta. Ki yafe min tsokana. Gara da ba su yanka ki ba." Na ce, "Yaya, ka daina magana, ka huta." Abin da na iya ke nan, duk karatuna.

Haushi nake ji. Haushin dangin da suka raba hantata a waya kamar naman layya, haushin matar da ta buɗe min ƙofar gudu, haushin kaina da na bi ta. Don mutum yana tsoro shi ke nan ya zama butulu? In ba butulci ba ne, me ya sa ba na iya kallon idonsa?

Yanzu likitansa ya ce ciwon ya fara taɓa huhu, in ya wuce wani mataki aikin ma ba zai yiwu ba. Zan iya komawa asibitin in ce na sake shawara, amma ranar kowa zai gane lafiyata ƙalau tun farko. Kuma wallahi tsoron bai ragu ko kaɗan ba. In na yi shiru, ina kallo numfashin Yayana yana ƙarewa yana yi min addu'ar samun sauƙi.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?