Cajar Mama Tana Jakarka

Bodø, farkon Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Eilif,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Gunvor da yara a can Vancouver. Allah ya sassauta wa Gunvor ciwon bayan nan. Mu nan lafiya, sai duhun hunturu da ya fara cinye yini. Goggo Borghild ta daina tuƙi, bayan ta kwantar da shingen maƙwabcinta.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san Mama ta rasu tana harhaɗa tsofaffin finafinan jirgin ruwan Baba a kwamfutarta, tana ɗora muryarta a kai, kuma wannan aikin za mu nuna wa dangi ranar binne tokar gawarta da aka ƙone. Tun da ka zo ka koma kwamfutar ke jan ƙafa. In na kunna fim ɗin, sai fuskar Mama ta daskare baki buɗe, muryar ta riƙa fitowa a tsintsinke, daidai yadda ta yi a asibiti. Ni da na tsufa ina koyar da falsafa, Eilif, tawul na jefa a kai na fice daga ɗakin.

Na goge, na sabunta, na hure ƙurar fanka, duk a banza. Sai mai gyara, wata Oddny, ta buɗe shafin da ke fitowa kafin komai ya tashi, ta nuna mini inda injin ya rubuta cewa bai san wannan cajar ba. Ta ce a tsakiyar bakin cajar asali akwai siririyar allura da ke gaya wa kwamfuta ƙarfin wutar. In ba ta ji saƙon ba, sai ta rage gudun ƙwaƙwalwarta da gangan, don kada wutar ta gaza. Ta ce an daina yin irin cajar, kuma aikin Mama ba ya buɗuwa a wani injin. Sannan ta tambaye ni wane gwani ne ya musanya cajar.

Kai ne, sarkin sauri. Ka naɗe ta Mama ka bar mini taka, don duk baƙaƙe ne a idonka. Ka zazzage jakarka yau, ka aiko da cajar ta jirgin sama. Ƙasa ta kusa daskarewa da sanyi, mai kula da maƙabarta ya ce ba zai jira mu ba.

Akwai inda Mama ta ambaci sunanka, ta ja numfashi, sai hoton ya tsaya. Ban san me ta ce a kanka ba, kuma na gaji da kallon bakinta.

Ka gai da Gunvor da yara, Sindre da Tuva. Goggo Borghild tana gaishe ka, ni tukuna.

Yayarka,
Ragnhild