Rabin Turmin Ummuhani

Litinin, 3 ga Yuni 2024, Agiye
Wata uku cif da kama aiki a buron gona, wato ofishin aikin noma. Gwajin irin gero: ƙwaya 100, 87 sun tsiro.
Ummuhani, aminiyata tun muna 'yan makaranta a lakol, ta zo daga Cadawa inda take allurar dabbobi. Ta raba turmin atamfa biyu, ta ba ni rabi. "Ankon Sallar layya ne, Larai. Amma ba irin na ƙawaye ba, kin gane. In kin ɗinka, na ji amsata." An yi mata tayin aiki a Gidan Rumji. Ran 12 za ta ce i ko a'a.

Laraba, 5 ga Yuni
Na auna. Yadi uku ba yatsa biyu. Ban san dalilin aunawar ba.

Alhamis, 6 ga Yuni
Abin da na tabbatar: in ta shigo ɗaki hankalina kwanciya yake, in ta tafi sai in rasa abin yi da hannuwana. Abin da ban taɓa ji ba: sha'awar jiki, ga namiji ko mace. A jami'a in ana irin hirar, dariyar mutane kawai nake bi. Na bincika a waya. Akwai irina, har suna gare su. Na goge binciken sau biyu.
In na ɗinka ban faɗa mata ba, na yi ƙarya. In na faɗa, ƙila ta tafi Gidan Rumji.

Asabar, 8 ga Yuni
Inna ta ga atamfar. "Idi tela zai rufe karɓar ɗinki Talata, kina nan kina shafa ta kamar mage."

Lahadi, 9 ga Yuni
Cadawa. Na same ta riƙe da ragon wani, ni kuma da takardar da na tsara maganata, layi bakwai. Iska ta ɗauke ta, ragon ya taka.
Na faɗa haka nan, a hargitse.
"Ke nan ba ki so na."
Na ce ina so. Wancan ɗin ne babu, kuma ban ga alamar zai zo ba.
"Kin yi mashi gwajin tsiro?" Ta yi dariya, gajeriya. Sannan: "Bar ni in yi tunani, 'yar boko."
Ba ta raka ni tasha ba. Karo na farko.

Litinin, 10 ga Yuni
Shiru.

Talata, 11 ga Yuni
Na kai wa Idi. Don kar atamfa ta lalace ne kawai.
Ya ɗaga ta, ya jawo irinta daga ƙasan teburi. Ya ce wani direba ya kawo jiya daga Cadawa, da saƙon Ummuhani: a yi wuya iri ɗaya da na Larai, in ta kawo.
Na ce mashi nawa bai cika ba, saura yatsa biyu. Ya ce zai isa.
Gobe 12. Ban kira ta ba tukuna. Na dai ci tuwo har da ƙari.